Randar Ƙofar Gidan Almu

Duk wanda ya taɓa bi ta lungun bayan Ƙofar Guga da rana tsaka ya san randar Almu, ko da bai san Almun ba. Tana nan gindin bango, dama da zaurenshi, an dasa gindinta cikin yashi, an rufe bakinta da faifai, moɗa a kife a sama. Baƙa ce mai faɗin ciki, da wani zane a kafaɗa kamar an mirgina igiya a kan ɗanyen yumɓu. Ruwanta kuwa, ko a watan da kwalta ke narkewa, sai ya riƙe ma mutum haƙora.

Almu ba ɗan birni ba ne. Daga wani ƙauye ta wajen Kaita ya shigo yana saurayi, da jakai biyu, da diga, da bakin da ba ya buɗewa sai an tambaye shi. Sana'arshi ƙasa. A lokacin kusan duk gidan da za a tayar a Katsina da tubali ake tayar da shi, kuma magina sun fi son jar ƙasar gindin ganuwa, wai ta fi danƙo, ba ta tsagewa. An hana taɓa ganuwar, to sai masu jakai su matsa gefe kaɗan su yi ta ƙwaƙule ƙarƙashinta, in an yi magana su rantse ba su taɓa ta ba. Almu na cikinsu. Ya yi ta jigila, mangala bayan mangala, har ya tayar da nashi ɗaki da zaure, ya auri Ma'u, ɗiyar wani mai gyaran fitilu. Ma'u gajeriya ce mai yawan dariya. Maganar da Almu ba zai yi a wata guda ba, ita sai ta gama ta kafin a sauke koko.

Wata ranar bazara yana haƙa sai diga ta yi wata ƙara wadda ba ta dutse ba. Ya ajiye ta, ya bi da hannu. Tukunya ce a zaune daram, an kifa mata wata ƙarama a baki, wadda digar ta riga ta fasa. Kowa ya taso da labarin tukwanen dukiya da mutanen da ke binnewa in yaƙi ya taso, su gudu, su mutu a can. Almu ya waiga hagu ya waiga dama, ya zura hannu har kafaɗa. Ƙasa ce baƙa mai laushi, da wasu fararen abubuwa masu marmashewa kamar tsohon alli. Ya lalube har gindi, babu ko zobe. Don haushi ya zazzage duka cikin mangala, ya haɗa da lodin ranar, ya kai ma wani mai gini, aka kwaɓa aka yi tubali. Gidan wa ne, har yau bai iya tunawa. Tukunyar dai ya ga lafiyarta lau, ya ɗaure ta a bayan jaki ya kai gida.

Ma'u ta leƙa ta ce, "Malam, mi ke ciki?"

Ya ce, "Ƙasa."

"To madalla. Mai ƙasa ya tsinci ƙasa. Wasu in sun tono tukunya sai Makka, kai kuwa ka tono abin da ka bari a mangala. Kawo ta nan, ni ina da abin da zan zuba mata."

Ta wanke ta da toka, ta turara ta, ta jefa saiwar jema a ciki, ta sa ya dasa mata ita a ƙofar gida don masu wucewa. Shi ke nan randa ta shiga bakin duniya. Leburori, masu turin baro, 'yan acaba, ɗalibai, kowa nan yake tsayawa. Da azumi gidaje ke aiko da kwano kafin a sha ruwa. Mai naƙuda in ta galabaita sai ta ce a ɗebo mata na randar Ma'u. Ko da firij ya shigo gari ba a daina ba. Cewa ake sanyin firij a baki yake tsayawa, na randar Ma'u har ƙashi yake ratsawa. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kanshi mi ya sa. Mutum in abu na mashi daɗi ba ya bin asalinshi.

Ma'u ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, amma babu wanda ya kai yaye. Suka tsufa su biyu. Bulo da tifa suka kashe sana'ar jakai, Almu ya koma yaɓe da gyaran soraye kafin damina, har gwiwoyi suka ce sun gaji da tsani. Da ciwon ajali ya kwantar da Ma'u, wata hantsi ta kira shi, ta ce ya zauna kusa.

"Malam, ni ba ɗa, ba jika. In an rufe ni babu mai ɗaga hannu ya ce Allah ya ji ƙan Inna. Randar nan ita ce ɗiyata. Duk wanda ya sha, ni ya yi ma addu'a ko bai sani ba. Kada ka bari ta wuni ba ruwa, kada kuma ka bari a ɗaga ta daga ƙofar nan."

Ya ce, "Na ji."

"Ji daban, Malam. Ka ɗauki alkawari?"

"Na ɗauka."

Ya kuwa riƙe. Kullum in an fito sallar asuba sai ya ja ruwa a rijiyar masallaci, ya yi sawu da bokiti yana ɗingishi har randa ta cika. In ya ga wani ya tsaya ya kai moɗa baki, sai leɓen Almu ya motsa da addu'a. Abin da ya rage mashi ke nan a duniya, kuma ya ishe shi.

Ana nan sai wata farar mota ta fara zuwa unguwar, da matasa masu riƙe da igiyar awo. Nan da nan aka ce filaye za a raba, har wasu suka fara nuna inda kakansu ya taɓa ɗaure akuya. Ashe masu binciken tarihi ne daga jami'a, suna bin ragowar ganuwa, wadda yanzu sai an nuna maka za ka san ita ce, don ta koma tudu da bola a kai. Shugabarsu mace ce, Dakta Halimatus Sa'adiyya, doguwa, da hijabi da malafa a samanshi. Aikinta, in ji ta, gano yadda mutanen farko suka zauna a wurin tun ba a kira shi birni ba.

Ƙishi ya kawo ta ƙofar Almu. Ta gaida shi yadda ya kamata, ta tambayi gida da gajiya da zafi, sannan ta ɗaga faifai ta sha moɗa guda, ta ƙara. Tana mayar da faifan idonta ya faɗa kan zanen kafaɗar randar. Ta durƙusa tana bin shi da ɗan yatsa.

"Baba, ina aka sayo wannan?"

"Ba a sayo ta ba, ɗiyata. Ƙasa ta ba ni ita, gindin ganuwa."

"Da murfi?"

"Da murfi. Diga ta fasa shi."

"Me ka tarar a ciki?"

"Ƙasa da alli."

Dakta ta ɗauki bakin hijabinta ta goge leɓenta a hankali, ta sake gogewa. Sannan ta roƙe shi ya nuna mata wurin.

Wurin yana nan, ɗan fili bayan wani gidan buga bulo. Suka kafa turaku, suka ja zare, suka fara haƙa, in ana kiran wannan haƙa. Ƙato da digirinshi ya durƙusa yana sharar ƙasa da buroshi kamar mai yi ma jariri wanka, wani na tankaɗe ta a rariya kamar garin tuwo. Almu ya ce in suna so ya aro masu diga su gama kafin azahar. Suka yi dariya suka gode. Unguwa ta mayar da wurin gidan kallo, masu awara har suka kawo kaskonsu.

Sai da aka kwana da yawa sannan kafaɗar tukunya ta leƙo, sai wata a gefenta. Ɗayar ta riga ta tsage ta ciki. Da suka share ƙasar tsagin, sai ga mutum. A zaune yake, gwiwoyi a naɗe har haɓa, hannuwa a rungume da ƙafafu, wasu jajayen duwatsu a inda wuya yake. Ƙasusuwan fari fat, suna marmashewa in buroshi ya taɓa. A kafaɗar tukunyar kuwa ga zanen igiyar nan, layi bisa layi.

Bala tela, wanda shagonshi ke kallon zauren Almu, shi ya fara buɗe baki.

"La'ilaha illallahu! Jama'a, ai randar Almu ce!"

Sai aka ji wani ya tofar da yawu, sai wani, sai kowa. Wata mata da ta yaye 'ya'yanta duka da ruwan randar ta zauna daɓas a ƙasa. Almu na tsaye bakin ramin yana kallon hannunshi na dama, wanda ya zura har kafaɗa.

Da la'asar Dakta ta same shi a zaure. Ta ce mashi mutanen nan sun zauna a wurin da daɗewa, wataƙila tun ba a ja ganuwar ba, sai an gwada ƙasusuwan za a san ƙarninsu.

"Ba tsafi ba ne, Baba. Kabari ne. Haka suke rufe nasu, yadda muke rufe namu da likkafani. Randarka ta fi waɗanda muka tono lafiya. Ka ba mu ita a kai gidan ajiye kayan tarihi, a rubuta sunanka a jiki."

"Sunana mi zai yi a can? Akwai mai sha a can?"

"Ba a zuba ruwa, Baba. Kallo ake yi."

"To ba ta zuwa. Na ɗaukar ma mai ita alkawari."

"Ba zan tilasta maka ba. Kuma ka faɗa wa mutane ruwan ba ya cutarwa. Ni ma na sha, ga ni lafiya."

"To ki ƙara mana, ɗiyata, su gani da idonsu."

Dakta ta dubi moɗar. Ta yi 'yar dariya ta ce yanzun nan ta sha a mota. Ta ɗauki hoton randar ta kowane gefe, ta auna bakinta da cikinta, ta yi sallama. Bayan 'yan kwanaki suka naɗe tukwanensu cikin katifa, suka cike ramin, suka tafi.

Daga ranar babu wanda ya ƙara ɗaga faifan. Mutanen da suka shekara talatin suna kwankwaɗa, ko ciwon ciki bai taɓa kama su ba, su ne yanzu ke tsallakawa ɗaya gefen lungu suna a'uziyya. Baƙo in ya nufi randar, kafin ya kai hannu an ƙwala mashi kira daga shagon Bala an ba shi labari, da ƙari. Wasu suka ce a fasa ta. Almu ya fito da tabarma ya zauna kusa da ita, maganar fasawa ta mutu.

Ya je wurin limamin unguwa, Malam Nu'uman, bayan an watse daga azahar.

"Allah gafarta Malam, ruwan nan ya haramta?"

"Bai haramta ba, Malam Almu. Ɗan Adam ba ƙazanta ba ne, kuma an wanke tukunya tun ban yi gemu ba. Ni kaina na sha ya fi a ƙirga."

"To Malam ya zo ya sha gobe a gaban jama'a."

Liman ya gyara zaman rawaninshi. "Ai halal daban, abin da rai ke karɓa daban."

"To in na cika ba a sha ba, lada na isa ga Ma'u?"

"Niyyarka tana da nata ladan. Amma shayarwa, gaskiya, sai da mai sha. Ko dabba ce ta sha an samu. Ka sayo sabuwa mana."

Ya sayo sabuwa a Babbar Kasuwa, ya dasa ta gefen tsohuwar. Aka ce ai moɗarsu ɗaya, inuwarsu ɗaya. Babu wanda ya taɓa ta har ta yi gansakuka. Ya zuba ruwan tsohuwar a kasko don awaki, suka sunsuna suka wuce, ko da yake awakin lungun nan sun saba da ruwan kwata, ba a shaidar abin kirki da su. Almu ya rame. Kullum ya kwashe ruwan jiya ya zuba ma bishiyar darbejiya, ya cika da sabo, ya kife moɗa, ya shiga zaure. Ma'u na kwance can, abin da ake aika mata ya yanke, kuma da hannunshi ya nuna ma masu bincike inda za su haƙa.

Sai ruwa ya fara raguwa.

Randa takan tsotsa, kowa ya sani, amma wannan Almu ya san tsotsonta kamar yadda ya san tarin Ma'u. Yanzu in ya cika da safe, kafin la'asar ta sauka kamu guda, yashin gindinta kuwa danshinshi na kullum ne. Moɗar da ya kife sai ya tarar da ita a zaune, da ɗigon ruwa a ciki.

Ya tsallaka shagon Bala. "Wa ke sha in na shiga ciki?"

"Sha? Baba Almu, ko kyautar keken ɗinki aka haɗa da ita babu mai sha. Yara ne ke wasa."

"Yara na makaranta a lokacin."

"To tsuntsaye."

"Tsuntsu ke mayar da faifai?"

Bala ya ce shi dai yana da ɗinkin biki, a bar shi.

Washegari Almu bai shiga ciki ba. Ya zauna bakin zaure, ya jingina da bango. Rana ta take, irin wadda inuwar mutum ke ɓuya ƙarƙashin ƙafarshi. Ƙafa ta ɗauke a lungu, ba acaba, ba mai talla, ko kaji sun shige ƙarƙashin baro. Sai ƙarar keken Bala, ita ma can ta tsaya. Almu bai ga ta inda ta ɓullo ba. Ya dai ɗaga kai ya ga tsohuwa tsaye gaban randar, 'yar ƙarama, ba takalmi, da baƙin zane saƙi ɗaure a ƙirji, irin wanda ya rabu da gani tun kakarshi. Tsagar fuskarta ba ta Katsinawa ba ce, ba ta Gobirawa ba, ba ta kowa da ya sani ba. Ba ta yi sallama ba. Ta dafa kafaɗar randar kamar mai dafa ƙofar ɗakinta, ta kai hannu ga faifai.

Almu ya ce a ranshi, ga mai sha Allah ya kawo, baƙuwa, ba wanda ya tare ta da labari. In ya yi shiru, yau Ma'u ta samu. Amma sadakar da aka ɓoye ma mai karɓa abin da ke cikinta, bai san ko sadaka ba ce.

"Iya, dakata. Kafin ki sha, ki sani. Randar nan kabari ce. Mutum aka tarar an rufe a irinta, kuma ita ma da mutum na tono ta, ban sani ba na zubar."

Ba ta waigo ba. Muryarta a bushe, kamar ana jan kara a ƙasa.

"Na sani."

Ta ɗebo ta sha. Ta ƙara, ta ƙara. Almu na jin saukar ruwan a maƙogwaronta, kamar ana zuba shi cikin rami. Ya daina ƙirga moɗa. Da ta gama ta mayar da faifai, ta ajiye moɗar a zaune.

"Ta wa ce?"

"Ta matata ce. Ta rasu."

"To ta samu."

Ta juya ta nufi wajen ganuwa, tana tafiya a sage. Ta yi taku kaɗan ta tsaya.

"Gobe ka cika ta sosai. Muna da yawa, kuma tun da aka ɗage mana ƙasa rana ke dukanmu."

Kafin Almu ya dafa bango ya miƙe, lungu babu kowa. Ya ɗaga faifai, ruwa ya sauka har rabi.

Bala ya rantse shi ya ga Almu na magana, amma bai ga da wa ba. To Bala ko akuya ta shiga shagonshi sai ta ci rabin yadi kafin ya ɗago kai, shaidarshi ba ta rufe magana. Abin da aka dai gani, a makon nan ya juya keken ɗinkinshi ya fuskanci bango, kuma in rana ta take sai ya ja ƙyaure ya tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Liman da aka kai mashi labari ya ce tsofaffi masu yawo ba su ƙare ba a gari, a daina ƙara ma magana gishiri. Shi ma dai ya canza hanyar zuwa gida.

Almu bai ƙara zaman gadi ba. Ya ce mai sha ba ya son a tsare shi da ido. Ya daina tambayar kowa komai, abinci ya koma shiga, har ya ɗan yi kumatu. Sawun rijiya ne ya ƙaru, don yanzu sai ya cika da asuba ya sake cikawa da hantsi, kuma kafin la'asar moɗa na kartar gindi. In ya juye bokitin ƙarshe sai ya rufe faifai, ya ce Allah ya kai ma Ma'u, ya shiga zaure ya juya ma ƙofa baya.

Gwiwoyin ne ke ƙara lalacewa. Kwanan nan ya fara bin mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya, daga liman har Bala, yana tambayar wa zai riƙa cika randar in shi ya kwanta. Yana faɗa masu ba wuya, ruwa ne kawai, kuma masu shan ba su da fitina muddin sun tarar da shi. Har yanzu babu wanda ya amsa.